Tatsuniya da Hantsi

Ni ba a taɓa jin na ɗauko tatsuniya na tsaya a tsakiya ba. Tun ina amarya a Gure ake tara mini yara bayan isha'i, har waɗancan yaran suka girma suka haifi nasu, suka turo mini. Ban taka ƙofar makarantar lakwal ba, ban san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma abin da kakata ta zuba mini a kai bai taɓa tsiyayewa ba. Shi ya sa da aka ce kaina ya bugu, ba mutuwa na ji wa tsoro ba, ita rigar kowa ce. Abin da ke cikin kan na ji wa tsoro.

A tsakiyar ɗari ne, irin wanda ruwan randa ke cizon haƙori. Ƴar ƙanwata ta haihu a Bune, suna kuwa da sassafe ake raɗa shi. Autana, wanda nake zaune a gidansa, ya ce mu bari rana ta ɗaga mu je wuni. Na ce ba a raɗa suna a danginmu ina kan hanya. Yana da moto, babur ɗin da yake zuwa lambunsa na kwari da shi ya ɗauko tumatir da salati. Muna idar da asuba ya fito da shi, ya yi ta harbawa kafin ya tashi, don ƙarfe ma yana jin sanyi.

Wanda bai hau moto da ɗari ba bai san yadda ake shiri ba. Auta ya naɗe kansa da rawani har kunnuwa, idanu kaɗai ya bari. Ya zura safar ƙafa a hannuwansa. Kaske, hular ƙarfen nan ta masu moto, ba ta shiga bisa rawani, saboda haka duk ɗari a jikin ƙusa take kwana. Ya ciro ta ya miƙo mini.

"Inna, ki kifa wannan."

Na ce, "Ni? In shiga gidan suna da tukunya a kai? Ka san wahalar da ɗaurin ɗankwalin nan ya ba ni?"

Matarsa ta fito da bargo, ta durƙusa ta ba ni. Na hau na zauna a karkace, ƙafafuna duka gefe guda, yadda ya dace da mace mai shekaruna. Na ƙudundune cikin bargon, hannuwana duka a ciki.

"Inna, riƙe ni."

"Riƙon da na yi maka a bayana ya isa. Ja mu je."

Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. A bakin gari, kafin a sauka kwalta a kama hanyar rairayi, jakuna ke kwana bisa titi da ɗari, don kwalta na riƙe ɗumin ranar jiya. Fitilar moton ba ta da ƙarfi, iska kuma ta cika wa Auta ido da hawaye. Ya ce ya ga jakin, ya kai hannu ga birki, yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa, sanyi ya sandarar da su cikin safa. Ya kauce, rairayin gefen hanya ya kama ƙafar gaba. Shi ya tare ƙasa da hannu ya kuje. Ni hannuwana na cikin bargo, sai na sauka kamar tulu, kai ne ya fara isa.

Iyakar abin da na sani, ina jin ƙamshin hayaƙin masu tuyar ƙosai, sai na ga rufin kwano na gidan likita. Tsakanin biyun nan har yau babu komai. An ce na buɗe ido na tambaya, "An raɗa sunan?" Aka ba ni amsa. Jim kaɗan na sake tambaya, aka sake faɗa mini, na kuma tambaya, har Auta ya fita waje ya kifa kai da bango, ƙato da gemunsa.

Majo, babban ma'aikacin gidan likitan, ya haska mini tocila a ido, ya nuna Auta ya ce, "Iya, wane ne wannan?"

Na ce, "Wanda ya kayar da ni."

Ya yi dariya ya ce, "Ta san shi." Ya riƙe ni wurinsu har ya gamsu, sannan ya ce ƙashi bai fashe ba, amma ƙwaƙwalwa ta girgiza. Ya ce kamar rijiya ce da aka dama, ba a tace ta da hannu, barinta ake ta kwanta. A sa ni inda ba haske, ba hayaniya, ba dogon zance. In amai ya ƙi tsayawa, ko barci ya yi nauyin da ba a iya tashina, a dawo da ni da gudu su tura ni Damagaram. Matar Auta ce ta tsaya ta ji wannan duka. Ni kaina na sara kamar ana daka gero a ciki.

To, majo ya faɗi nasa, amma bai faɗa wa Gure ba. Kafin in kai gadona, gida ya cika da ƴan dubiya. A wurinmu ba a jin mutum ya faɗi a zauna a gida, kuma ba a zuwa dubiya a samu mara lafiya ya juya baya. Na sa aka jingina ni da matashi, na ɗaura ɗankwali bisa kumburin. Kowa ya shigo sai mun bi gaisuwar daga tushe: sannu, ya jikin, ya kwanan jiki, ya sanyi, ya tsautsayi, Allah ya sawwaƙe, Allah ya sa kaffara ne. Kowa kuma sai ya ce in ba shi labarin yadda aka yi. Ni da ban ga komai ba, na riƙa bayarwa, jakin ma har na yi masa launi.

Taubashiyata ta zo, ƴar kawuna, wadda muke wasa tun muna tsirara. Daga bakin ƙofa ta ɗaga murya.

"Ina baiwar tawa? An ce kin hango yayanki kwance a titi, kin diro ki gaishe shi!"

Na ce, "Eh, ya ce in gaya miki kin daɗe ba ki zo gida ba."

Ɗaki ya ɗauki shewa. Ni ma na yi dariya, dariyar ta tsaga mini kai har wuya. Kafin la'asar bango na juyawa, na yi amai a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Washegari aka sake cika, na sake zama.

Cikin kwanakin nan ne jikokina suka lallaɓo bayan isha'i da ƴan kaskon wutarsu, suka ce a yi musu ta kurciya. Wannan tatsuniyar ko cikin barci aka tashe ni ina yinta. Na ɗauko. Kurciya ta shuka dabino a kwari, ba ta da guga, ta je ta aro na bushiya. Tana ban ruwa, tana ban ruwa, ran nan igiya ta tsinke, guga ya faɗa rijiya. Na buɗe baki in ci gaba, sai na tarar ba hanya. Kamar ka bi turbar da ka sani tun yarinta, ka iske tudun rairayi ya hau kanta.

Ƙaramarsu ta ce, "Kaka, sai me?"

Na ce barci nake ji. Na juya na fuskanci bango. Suka kwashe kaskonsu suka fita a hankali. Bayan zana, inda ake wanke-wanke, na ji ƙarar kwanuka ta tsaya, can kuma ta ci gaba.

Bari in faɗi wace ce matar Auta. Ƴar makiyaya ce daga Alakos, doguwa, mai ƙarancin magana. Shekarunta a gidan nan ban taɓa ganin ta kai loma baki a gabana ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Ina yaba kunyarta a gaban mutane, amma a raina ina cewa yarinyar nan ruwan sanyi ce. In ana tatsuniya, matan maƙwabta ma kan raɓo su zauna, ita kuwa kullum tana bayan zana da kwanukanta. Na ɗauka abin bai dame ta ba.

Da gari ya waye na farka cikin duhu. Bargon nan da na faɗi da shi matar Auta ta rataye a taga, ta saki labule mai kauri a ƙofa. Ban ji daka ba, ashe ta mirgina turmi zuwa gidan maƙwabta. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofata daga waje, ta zauna da faifanta tana tsintar wake. Duk wanda ya yi sallama sai in ji muryarta ƙasa-ƙasa: "Tana hutawa. Ku bar mini gaisuwar, zan isar."

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Suruka ta tare ƙofar uwar miji, ta mai da dattawan unguwa da goronsu a hannu? Na san kafin azahar an kai zancen bakin rijiya. Taubashiyata ta zo, ina jin su.

"Ke yarinya, ni za ki tare? Na san tsohuwar nan tun ba ta da zane."

"Iya, ku yi haƙuri. Ku zage ni yau, in ta warke ku zage ta."

Sai na ji taubashiyar tawa ta ce, "To, ki gaya mata jaki na gaishe ta." Takalmanta suka ja suka tafi.

Na kira matar Auta. Ta shigo ta durƙusa nesa da gado.

"Gawa kika mai da ni tun ban mutu ba? Me za a ce da ni a garin nan?"

"Inna, majo ya ce..."

"Majo ne ya haifa miki miji?"

Ta sunkuyar da kai har na gaji da faɗa, don faɗan ma ciwo yake ƙara mini. Ta tashi ta fita, amma bargon bai sauka daga taga ba. Da maraice ta shigo ta isar da gaisuwar kamar yadda ta ce, cikin raɗa, kaɗan-kaɗan yadda ake ba jariri kunu. Matar liman ta ce kaza. Mai nono ta bar ƙwarya guda. Ta jakin ma ba ta ɓoye ba, sai dai ta rufe baki da gefen mayafi kafin ta faɗa.

Haka kwanaki suka riƙa wucewa. Amai ya tsaya. Dakan da ake yi a kaina ya koma sussuka, ya koma kamar motsin ɓera. Na gane da hantsi kaina wasai yake, yana kaiwa la'asar sai ya yi nauyi, da dare kuwa ko sunayen jikokina sai na lalubo. Na fara taka ƙafa zuwa zaure in dawo, ina kare ido da mayafi. Auta kan tsuguna a bakin ƙofa kowace safiya ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, hannunsa da bandeji. Ran nan ya ce zai rabu da moton. Na ce, "Tumatir ɗin a kai za ka riƙa ɗaukowa? Tashi ka tafi lambu. Ni na ce a fita da asuba, jaki kuma ɗumi ya nema kamar kowa."

Jiki dai na dawowa, amma ni na san abin da bai dawo ba. In na kaɗaita cikin duhun nan sai in ɗauko tatsuniya a zuci in bi ta. Kowace na ɗauko sai in iske ta kamar tabarmar da gara ta ci, gefe da gefe lafiya, tsakiya rami. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Ni da ake cewa in an rasa ƙarshen magana a je wurina.

Wata rana da hantsi matar Auta ta kawo mini kunu, maimakon ta fita sai ta zauna kusa da ƙofa, ta ba ni gefe, ta ɗauko zogale tana zagewa a faifai.

"Inna, yaran nan sun dame ni da ta kurciya. Na ce zan yi musu. Ku ji mini ko na iya."

Na ce, "Yanzu? Ba a gaya muku a Alakos ba cewa mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a daji?"

"Inna, ku dubi ɗakin nan. Ina ranar take?"

Na duba. Gaskiya ko tafin hannuna da ƙyar nake gani. Na ce a raina, wanda ya riga ya ɓata, wace ɓata kuma zai ji wa tsoro? Na ce ta yi.

Ta ɗauko da ƴar muryarta, ba gishiri ba yaji. Kurciya ta shuka dabino, ta aro gugan bushiya, igiya ta tsinke. Mun iso bakin ramin. Sai ta ce, "Sai kurciya ta je wurin raƙumi, ta ce ya shiga rijiyar ya ɗauko mata."

Na ce, "Wa?"

"Raƙumi, Inna."

"Raƙumi? A rijiyar kwari, wadda bakinta bai fi faifan hannunki ba? Da tozonsa zai shiga ko da wuyansa? Kwaɗo ne! Kwaɗo ta samu a bakin rijiya, ya ce ba zai nutsa ba sai ta yi masa alkawarin nunan fari."

Ban san lokacin da na tashi zaune ba. Kwaɗo ya nutsa ya fito da guga, aka mai da wa bushiya kayanta. Dabino ya nuna can sama, kurciya ta hau tana ci, kwaɗo kuwa ba ya hawa itace. Waƙar ma ta zo da kanta, na ji ta a bakina kafin in neme ta:

Guga na ƙasa na ɗauko,
Dabino na sama ya nuna,
Kurciya, ina rabona?

Shi ya sa har yau kwaɗo ke zama bakin ruwa da maraice yana kira, kurciya na amsa masa daga bisa, gobe dai, gobe dai. Na kai ta har ƙarshe, na ƙulle. Gumi ya keto mini da ɗarin nan, kaina ya fara sara.

Matar Auta ta tattara zogalenta ta ce, "Ashe kwaɗo ne. Na gode, Inna. Ku kwanta, na yau ya isa."

Washegari da hantsi ta dawo da wata. Inda dila yake ta sa kura. Na gyara mata. Ta sake dawowa, ta aurar da yarinyar tatsuniya ga wanda ba shi ne mijinta ba. Na ce, "Kai, mutanen Alakos, haka kuke yi wa magana? Ku tsaya ga tatsar shanu." Ta ce, "A yi haƙuri, Inna." Guda ɗaya take kawowa a rana, da ta ga na dafe goshi sai ta tashi. Ni kuwa har na fara jiran hantsi, ina tausayin yarinya mai kan da ba ya riƙe komai.

Ran nan da yamma na fito zan zaga bayan gida, ina bin bango a hankali. Sai na ji ta a madafa tana lallashin ƴar ƙaramarta da ta ƙi cin tuwo. Ta kurciya take yi mata cikin raɗa, da kwaɗonta da waƙarta, ba ta kauce ko taki ɗaya ba. Har inda nakan tsaya in yi gyaran murya kafin waƙa, ita ma nan ta tsaya. Na daɗe dafe da bangon nan. Duk shekarun da nake jin ƙarar kwanuka a bayan zana, ashe kunnenta na wurina. Na koma ɗaki ban yi tari ba. Da hantsi ta zo ta sa zomo ya haɗiye giwa, na yi mata faɗa kamar kullum.

Akwai guda ɗaya da kakata ta fi so, ta matar da mijinta ya bi ayarin gishiri bai dawo ba, ta ɗaura ɗamara ta bi sawun raƙuma tana tambayar kowace rijiya. Ita matar Auta ta bari sai daga baya. Muka bi ta tare, tana kaucewa ina dawo da ita, har rijiyar ƙarshe. Sai ta ce, "Ta leƙa bayan rijiyar, ta iske shi zaune a inuwa, ƙafarsa ce ta kumbura. Ta ba shi ruwa, ta kama hannunsa suka dawo gida."

Na san ba haka ba ne. Na buɗe baki in ce a'a, na jira abin da ke zuwa bayan a'a, bai zo ba. Na sake jira. Hannunta ya tsaya cak bisa faifai.

Ban taɓa tambayar kowa tatsuniya ba tun rasuwar kakata. Na ce, "Ƴata, yaya nake ƙarasa ta?"

Ran nan ne ta fara ɗaga ido ta dube ni. Ta ce, "Takalmansa kaɗai take samu, Inna. Ta ɗauko su a kai ta dawo, ta ajiye a bakin ƙofa."

Na ji ta, na kuma san gaskiya ta faɗa, amma sai na ji abin kamar kayan aro. Wannan gefen bai dawo ba, har yau. Na daɗe ina juya shi. Na tuna Auta tsugune a bakin ƙofata da bandejinsa. Na ce, "A bar matar nan ta samu mijinta. Ta sha tafiya."

Ɗari na gab da fita aka sauke bargo daga taga. Na je Bune na ga jaririn da aka raɗa wa suna ba da ni ba, har ya fara riƙe wuya. Sai da rana ta ɗaga muka fita, na kifa tukunyar nan a kai na yafa mayafi bisanta, hannuna guda a waje riƙe da rigar Auta. Taubashiyata ta hango mu a bakin kasuwa, ta bi mu da guɗa.

Daren da na ce a tara mini yara, tsakar gida ta cika har da iyayensu. Na yi musu ta kurciya ban yi tuntuɓe ba. Suka ce a ƙara, na ɗauko ta matar mai bin ayari. Da na kai rijiyar ƙarshe na sa ta leƙa ta iske mijinta a inuwa, sai babban jikana ya ce, "Kaka, da ba haka kike faɗa ba."

Na ce, "Kai ka faɗi daga moto ko ni?"

Aka yi dariya. A bayan zana ƙarar kwanuka ta tsaya. Na ɗaga murya na ce, "Ke ƴar Alakos, kwanukan nan ba za su gudu ba. Zo ki zauna kusa da wuta."

Ta fito tana goge hannu da zane, ta zauna a gefen tabarmata, can ƙarshe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na matsa mata da kaskon wuta, na ɗauko ta gaba.